Za mu kira ka

Talata, sha ɗaya na dare. Kowa ya yi barci sai ni.

Mutum shida muka yi wa intabiyu yau, kujerar kuwa ɗaya ce, ta mai rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Oga ya ce ni zan yi tambayoyin kod, tunda duk wanda aka ɗauka ni zan zauna da shi, shi Oga kuma ya duba takardu. Da safe cikin raha nake. Hajiya ta kawo mana masa da miya, muka yi nak kafin na farko ya shigo.

Huɗun farko babu abin faɗa sosai. Kowa ya cika takardarsa da React da Laravel, kayan aikin gina shafin intanet. Ɗaya na buɗe GitHub ɗinsa, inda ake ajiye kod a intanet, na ga aiki tsaf, na ɗora yatsa a kan layi guda na ce me wannan yake yi, sai ya koma kallon fanka. Aikin ChatGPT ne. Ni ma ina taɓawa, amma ai mutum ya san abin da ya liƙa.

Tambayata ɗaya ce ga kowa: mai saye ya rubuta Ƙofar Mata a shafinmu, rasit ya fito da ?ofar Mata, ina matsalar take? Wani ya ce wayar mutumin ce. Wani ya ce a hana mutane sa harafi mai lanƙwasa. Na ce to, ranar da aka yi baƙi sai a rubuta baki ke nan. Oga kaɗai ya yi dariya.

Sai na biyar. Siririn yaro, gyaran waya yake yi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, a waya ya fara koyo da daddare, daga baya ya shiga 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani. Kwamfutarsa ba ta riƙe caji, sai da muka matsa masa kusa da soket. Ina gama tambayar ya yi murmushi.

"Yallaɓai, ni a Ɗorayi nake. Na saba ganin wannan."

Ya ce rumbun bayanan yana kan tsarin haruffa na latin1, wanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa, kuma a kansa MySQL, manhajar rumbun, yake zuwa kafin na 8 ya fito a 2018. A mayar da teburin bayanan utf8mb4, tsarin da yake da haruffan, a gyara hanyar da shafin yake magana da rumbun, don in an gyara ɗaya an bar ɗaya an yi aikin banza. Sannan ya ƙara abin da ban tambaya ba: sunayen da suka riga suka koma alamar tambaya sun tafi, sai dai a sake shigar da su. Kwana biyu wannan ya ci mini bara.

Oga ya ce, "Ina takardar bautar ƙasa?"

"Difloma gare ni, ranka ya daɗe."

Oga ya rufe fayil a hankali. Na san wannan rufewar. Na kuma san na shida da ke zaune a waje ɗan aminin Oga ne, tun makon jiya ake kiran waya a kansa.

Bakina ne ya ce, "Za mu kira ka." Ba wanda ya sa ni. Yaron ya ce Allah ya sa, ya naɗe cajarsa da aka ɗaure da salatif, ya yi godiya har sau biyu. Irin maganar da aka yi mini ke nan shekarun baya, na yi sati uku ina kwana da waya a ƙarƙashin matashi.

Na shida ya ce matsalar daga intanet ce.

Cunkoso a Zoo Road. Mai ya kusa ƙarewa, ban tsaya ba. Zazzaɓin Auta ya sauka, alhamdu lillahi, har ta ci tuwo.

Uwargida ta ce in yi wa Oga magana gobe kafin ya sa hannu. Na ce to. Takardar yaron tana jakata, ban ma san lokacin da na ɗauko ta daga teburin ba.