Freising da Bamberg: tafiyata ƙasar sha'ir

A farkon watan Satumba muka sauka a Munik, mu shida ma'aikatan gona, domin kwas na mako biyu kan sarrafa hatsi. Ni aikina dawa ce, tun daga iri har rumbu. Tun 1988 da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin lemun malt da na giya suka waiwayo dawar manomanmu, har ta zama abin da suke nema buhu-buhu. Dalilin ke nan da aka tura mu Freising, wani ƙaramin gari a arewacin Munik, mu ga yadda Jamusawa suke tsirar da hatsi.

Ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma tun ranar farko na faɗa wa dattijuwar da ke kula da mu. Ba ta ja zancen ba. Duk inda muka zauna sai ta sa a kawo mini ruwan tuffa gauraye da ruwa mai gas.

A kan wani tudu da ke gefen garin Freising akwai wani wuri da ake kira Weihenstephan. Da can mazaunin 'yan zuhudun Kirista ne, kuma masana'antar giyar da ke wurin tana lissafa tarihinta daga shekarar 1040, tana kiran kanta mafi tsufa a duniya. Yanzu mallakar gwamnatin jihar Bavariya ce, kuma a kan tudun nan jami'a take koyar da wannan sana'a har a ba mutum digiri. Da aka nuna mana sha'ir ɗin da aka jiƙa, na damƙo cikin tafin hannu na duba. Kowace ƙwaya ta fitar da fararen saiwoyi sirara kamar zare, ga ɗan ɗumi, ga ƙamshin danyen hatsi. Nan take na tuna kakata tana jiƙa dawa ta rufe da buhu, ta bari ta tsira kafin ta shanya a tabarma don kunun zaƙi. Hikimar ɗaya ce: tsirowa ce ke sa garin ƙwaya ya iya komawa zaƙi. Masu burkutu ma ta nan suke farawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dokar 1516. Ranar 23 ga Afrilu na wannan shekara, a garin Ingolstadt, sarakunan Bavariya Wilhelm na Huɗu da ƙanensa Ludwig suka zartar cewa ba za a sa komai a giya ba sai ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da suke kira Hopfen. Ba a ambaci yis ba. Dokar ta ƙayyade farashi, wanda kuma ya saɓa a ƙwace gangarsa. Jamusawa suna alfahari da ita a matsayin dokar tsafta, amma ni da idon manomi na karanta ta. Cikin dalilanta har da hana masu dafa giya wawashe alkama, don masu burodi su samu, kada abinci ya yi wa talaka tsada. Na jinjina wannan ƙwarai, domin na ga shekarun da manyan 'yan kasuwa suka kwashe dawa tun a kaka, magidanci ya zo kasuwa da rani ya tarar tiya ta fi ƙarfinsa. Sai dai wani ɓangaren ya ɓata mini rai: daga 1602 gidan sarautar ya riƙe ikon yin giyar alkama a hannunsa, ya ci ribarta tsawon zamani, alhali an hana kowa.

Ranar Asabar aka kai mu Hallertau, yankin da ake noma furen nan na Hopfen, kuma mun tarar ana tsakar girbi. Shukar tana hawa waya ne har kusan mita bakwai, layi-layi kamar katanga kore. Wani manomi ya tsinko fure ɗaya ya murza mini a hannu, ya bar wani gari rawaya mai danƙo. Na ɗan lasa, ɗacinsa ya tuna mini da shuwaka. Ɗacin nan ne ke hana giyar lalacewa da wuri.

Sanyi ma yana da nasa labarin. A 1553 an hana dafa giya a Bavariya da zafi, daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, don haka sai su dafa da yawa a Maris su adana a ramuka masu ƙanƙara. Wannan buƙata ce ta sa masana'antar Spaten ta tallafa wa injiniya Carl von Linde a shekarun 1870, ya ƙera injin sanyaya kaya. Oktoberfest kuwa, babban bikin giya na Munik wanda ya samo asali daga auren Yarima Ludwig a 1810, ana ta kafa rumfunansa muka wuce.

Kowane gari da irin giyarsa. Munik na da Helles mai haske da Dunkel mai duhu, Kolon na da Kölsch, Düsseldorf na da Alt. Amma Bamberg, inda muka kwana biyu a ƙarshe, ita ta fi ba ni mamaki. A can har yau akwai masu busar da tsiron sha'ir a kan wutar itace, hayaƙin ya shige ƙwaya. Aka miƙo mana cikin kwano, na shinshina, sai ka rantse kifi banda ne.

A jirgin ƙasa na komawa Munik na kira Baba na ba shi labarin dokar da ta ware alkama don burodi. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To ɗana, su dawarsu nawa ce tiya?” Na ce, “Baba, ai tunda na zo ban ga karan dawa ko ɗaya ba.” Ya ce in yi sauri in dawo, tamu ta fara fitar da kai.