Cike takardun haraji a Amurka: aikinmu da ɓarnar masu cikewa a ɓoye

Daga ƙarshen Janairu har 15 ga Afrilu ofishinmu ba ya rabuwa da jama'a, lokacin ne kowa a Amurka ke miƙa wa hukumar harajin tarayya, wato IRS, lissafin abun da ya samu a shekara, a fom 1040. Yawancin kwastomominmu direbobin Uber da Lyft ne, da mata masu kula da tsofaffi a gida, da masu aikin sito, sai 'yan tsirarun masu ƙananan kasuwanci. Mutum zai shigo da leda cike da takardu, W-2 (takardar albashi) ɗin wurin aiki, 1099 (takardar kuɗin da aka biya shi ba a matsayin albashi ba) guda biyu ko uku, rasit ɗin mai da rana ta cinye rubutunsa, ya zube min a tebur ya ce Malam ga shi nan, nawa za su dawo min da shi? Ko zama bai yi ba tukuna.

Toh wannan tambayar ita ce tushen duk rigimar da nake yi da mutane. Akwai wasu da ke cike wa jama'a takardu a falonsu ko a bayan wani shago, ba su da PTIN, lambar rajista da IRS da doka ta wajabta wa duk mai karɓar kuɗi a kan wannan aiki, kuma ba sa sa hannu a ƙasan fom, sai su buga shi kamar kai ka cike da kanka. Ladansu kuma kaso ne daga kuɗin da IRS za ta mayar maka, ka ga ai dole su kumbura shi. Su ƙirƙira maka kasuwancin da ba ka taɓa yi ba a Schedule C, shafin riba da asarar kasuwanci, su rubuta asara, su maƙala maka ɗan da ba ya zaune a gidanka. A watan Maris ka ga alat na dala dubu takwas kana ta sa musu albarka, bayan shekara ɗaya ko biyu wasiƙa ta iso, ka kira lambar mutumin ka ji a kashe. Sa hannun da ke kan takardar naka ne kai kaɗai, kai IRS ta sani. Kuma abun haushi, a 2014 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa IRS ba ta da hurumin tilasta wa masu cike takardu yin jarabawa, shi ya sa a yawancin jihohi kowa ma zai iya buɗe kwamfuta ya ce shi gwani ne.

Ni dai ba haka aka koya min ba. A hannun wata dattijuwar akanta na fara, kuma kakar farko gaba ɗaya ba ta bari na taɓa manhajar cikewa ba, fensir ta ba ni da fom na takarda, in yi lissafi layi bayan layi, in gama ta ɗauko jan biro. Ra'ayinta shi ne wanda bai san daga ina lambar layi na kaza ta fito ba, ranar da manhaja ta ba shi shirme ba zai gane ba. A wajenta na koyi yi wa mutum tambaya sau biyu ta hanya daban daban, ka tambaye shi yara nawa gare shi, can anjima ka tambaye shi wace makaranta suke, nan za ka gane waɗanda suke tare da shi da waɗanda suke wata ƙasa. Daga baya na zauna jarabawar Enrolled Agent, wato wakilin masu biyan haraji da IRS ta ba lasisi, kashi uku ce, harajin ɗaiɗaikun mutane, na kasuwanci, da dokokin wakilci, kuma duk shekara uku sai mun cika awa 72 na ƙarin karatu. Amfaninta shi ne in kwastoma ya sa min hannu a fom 2848, ni zan tsaya masa gaban IRS, ba sai ya je yana rawar murya ba.

Bari in ɗan tsaya a kan direbobi, don nan ne gwaninta ke fitowa. Direba ba a cire masa haraji daga abun da yake samu, ga kuma harajin mai aikin kansa kashi 15.3 cikin ɗari, wanda da yawa ba sa jin labarinsa sai a teburina. Abun da ke cetonsa shi ne mil ɗin da ya yi, a shekarar 2024 senti 67 aka rage masa a kowane mil na aiki daga samun da za a yi wa haraji. Amma zaɓi ne, ko dai lissafin mil ko ainihin kuɗin mai da gyara da inshora, ba a haɗa biyun, kuma masu cikewa a ɓoye kullum haɗawa suke. Ni sai na zauna na jera rahoton manhajar tuƙin da lambar mil ɗin da ke kan rasit ɗin canjin bakin mai, Janairu da Disamba, in ga sun yi daidai da abun da mutum ke faɗa. Wani zai ce Oga wannan binciken ai ya fi na gwamnati. Eh, gara in yi maka shi yanzu kana shan shayi a ofishina.

Sai batun EITC, tallafin da ake ba masu ƙaramin samu, wanda a 2024 ya kai dala 7,830 ga mai yara uku. Sharaɗin a fili yake, yaro ya kasance yana da lambar Social Security kuma ya zauna da kai a cikin Amurka fiye da rabin shekara. Ina yawan cewa Hajiya ki yi haƙuri, na san ke kike ciyar da su kike biyan kuɗin makarantarsu a can, amma doka ba ta ƙirga su a nan. Wata ta fahimta, wata ta kwashe takardunta ta tafi wajen wanda zai sa mata su. In an kama, za a karɓe kuɗin da ruwa a kai, a hana mutum tallafin shekara 2 idan ganganci ne, shekara 10 idan zamba ce.

Mutane na ɗauka odit, wato binciken takardar harajinka, wai wasu ne za su zo ƙofar gida da kwat da jaka. Mafi yawansa ta wasiƙa ake yi, a ce ka aiko da shaidar kaza. Akwai ma wasiƙar CP2000 wadda kwamfuta ce kawai ta ga 1099 ɗin da ka manta ba ka sa ba, ana ba ka kwana 30 ka amsa. Wanda ya jefa ta a durowa, wata wasiƙar na tafe mai wa'adin kwana 90 na zuwa kotun haraji, in wannan ya wuce toh bashi ya tabbata. A ƙa'ida shekara 3 IRS ke da ita ta waiwayi takardarka, ta koma 6 in ka ɓoye sama da kashi 25 na samunka, in kuwa zamba ce babu iyaka.

Ana yawan tambayata ko ina goyon bayan a ƙara wa IRS kuɗi, kamar dai mai irin sana'ata dole ya zama abokin gabarta. Ina goyon baya, kuma dalilina daga teburin nan ya fito. Bayan 2010 an yi ta matse kasafinta, ƙwararrun masu bincike suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, binciken masu miliyoyi ya faɗi warwas, domin shi yana buƙatar gogaggen ma'aikaci ya shafe watanni yana fama da lauyoyi. Na mai EITC kuwa kuɗin kan sarki ne kawai, sai nauyin ya karkata kan talaka. A 2023 wani nazari da masana daga jami'ar Stanford suka jagoranta ya nuna ana binciken baƙar fata ninki 2.9 zuwa 4.7 na sauran mutane, shugaban hukumar na lokacin Danny Werfel ma ya amsa cewa akwai wannan bambancin. Alhali kuɗin da ke salwanta ba a aljihun mai albashi yake ba, IRS da kanta ta ƙiyasta giɓin harajin 2022, wato abun da ya kamata a biya ba a biya a kan lokaci ba, a dala biliyan 696, kuma inda ake cire haraji tun daga albashi kusan kashi 1 ne kawai ake ɓoyewa, inda babu mai kai rahoton samun mutum kuwa ya kai kashi 55.

A watan Agustan 2022 majalisa ta ware mata kusan dala biliyan 80 na shekara goma, fiye da rabi don bin masu kauce wa haraji, kuma sakatariyar baitulmali ta lokacin Janet Yellen ta ba da umarni kar a ƙara yawan binciken masu samun ƙasa da dala 400,000. Mu da muke kiran layinsu kullum mun ga canji a kakar 2023, ana ɗaga waya. Ba a je ko'ina ba aka fara yanka, biliyan 1.4 a 2023, sama da biliyan 20 a 2024, sannan a 2025 dubban ma'aikata suka bar hukumar. Su kuma 'yan falon nan hukuma mai rauni ai gaba ta kai su, babu mai bin sawunsu, kwastomansu ne ke shan wasiƙa.

Duk da haka a kan kuɗin aikina ake ja da ni. Mutum ya ce wane yana yi rabin haka, ya ce rage min mana ɗan'uwa, kamar muna cinikin atamfa. Farashina na kafe a bango, bai da alaƙa da yawan abun da za a mayar maka, sunana da PTIN ɗina suna ƙasan kowane fom, kuɗinka kuma asusunka yake shiga kai tsaye. Wanda bai shirya ba kafin 15 ga Afrilu muna nema masa ƙarin lokaci da fom 4868 zuwa 15 ga Oktoba, amma a sani na miƙa takarda ne kawai, biyan abun da ake binka yana nan a Afrilu. Ko ba ka da kuɗin biya ka shigar da takardar, tarar rashin shigarwa kashi 5 ce a wata, ta rashin biya rabin kashi ɗaya, kuma ana iya shirya biya kaɗan kaɗan.

Ba ma rufewa bayan kaka ta wuce. Wanda wasiƙar IRS ta same shi, ko da wani ne ya cike masa, ya kawo ta duk shafukanta tare da kwafin takardar shekarar, kwanan watan da ke samanta zan fara dubawa.