Makaɗa uku a sahun gaba

Haɗa sauti nake yi a wani situdiyo a Kano. A watan Yunin 2019 na je Landan wani gajeren kwas kan sarrafa sauti a manyan ɗakunan taro, sai malaminmu ya ce duk mai hali ya leƙa babban ɗakin kiɗa na Royal Albert Hall, inda ƙungiyar makaɗa ta King Crimson za su yi wasa dare uku a jere, daga 18 zuwa 20 ga watan, don cikar ƙungiyar shekara 50. Suna cikin jiga-jigan salon progressive rock da ya taso a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, salon da waƙa ɗaya kan haura minti goma, tana sauya kiɗa da sauri a tsakiyarta.

Ɗakin kansa darasi ne. An buɗe shi a 1871, kuma ya daɗe yana fama da amsa-kuwwa saboda rufinsa mai siffar ƙubba, har sai da aka rataya wasu manyan faya-fayai a sama a 1969 don su karya ta. Ina zama na ɗaga kai ina kallonsu.

Amma tsarin dandamalin ne ya fi ɗaure min kai. Makaɗan ganguna uku aka jera a gaba: Pat Mastelotto a hagu, Jeremy Stacey a tsakiya, Gavin Harrison a dama. Mawaƙi da masu jita da mai busa duk suna baya. Robert Fripp, jagoran ƙungiyar, yana can gefe a zaune, da abin saurare a kunne, ko motsin kirki ba ya yi. Duk wanda ya taɓa haɗa sauti ya san ganguna saiti ɗaya ma kan danne muryar mawaƙi, balle uku.

Ba su danne kowa ba. Na zuba wa hannayensu ido, sai na gane ba abu ɗaya suke kaɗawa ba. Kiɗa guda aka raba musu. Wannan ya fara, wancan ya karɓe, na ukun ya ajiye sanduna a cinya yana jira, ko kuma, in Stacey ne, ya juya kan piyanonsa. Akwai lokacin da Harrison ya ɗaga sanda, na tabbata zai buga, sai ya bar gurbin, Mastelotto ya cike shi da ɗan ƙaramin ƙarfe daga can ɗaya gefen. Haka masu kalangu suke yi a gida: kuntuku na riƙe da kiɗa, babban kalangu na magana, ba mai hawa kan ɗan'uwansa. Mun san wannan tun tuni, zuwan piyano ne ya sa muka yi watsi da shi, muna jibga ganga kan ganga a kwamfuta har sauti ya cushe.

Abu na biyu shi ne ƙara. Sukan sauko ƙasa-ƙasa har ka ji numfashin mai busarsu, Mel Collins, a bakin sarewa, su daɗe a haka, sannan su ɓarke gaba ɗaya. Ƙarfin ɓarkewar daga wannan saukowa yake fitowa. Mu kuwa muna matse waƙa daga farko har ƙarshe don ta yi ƙara a lasifikar waya, kuma wallahi asara muke yi. An kuma hana ɗaukar hoto har sai an gama wasa, sai Tony Levin, mai jitar bass ɗinsu, ya fito da tasa kyamarar sannan kowa ya ciro waya. Dubban mutane sun yi sa'o'i suna saurare kawai.

Da na dawo, na fara da ragi. In mawaƙi ya kawo aiki, kafin in ƙara komai sai in kashe layukan sauti ɗaya bayan ɗaya, wanda aka cire ba a ji rashinsa ba ya tafi kenan. Ina kuma gayyato mai kalangu na gaske, in ba shi nasa gurbi a gefe guda. Wani furodusa ya ce min, "Maigida, wannan ai ba za ta tashi a gidan biki ba." Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, don kasuwarsa ke nan. Yanzu kashi biyu nake fitarwa, ɗaya mai ƙara don biki, ɗaya mai sarari don mai sauraro, kuma ina sa mawaƙin ya zauna ya ji dukkansu kafin ya zaɓa.