Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana Lokacin Ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, ruwan zafi ya dawo gidanmu. Ni da iyalina muna miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana lokacin da guguwar dusar ƙanƙara ta katse wutar lantarki a unguwarmu.

Godiya ta farko ga dattijo maƙwabcinmu. Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ana ɗauke wuta sai ga shi da tocila, yana tambaya ko mun zubar da ruwan cikin hita. Tamu irin marar tanki ce, wadda ke dafa ruwa nan take idan an buɗe famfo. Da gas take aiki, amma abin da ke hana ta daskarewa lantarki yake ci, don haka wuta na tafiya kariyar ta bi ta. Ruwa kuwa idan ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, abin da ya isa ya tsaga siraran bututun da ke cikinta, kuma kamfanoni da yawa ba sa sanya irin wannan ɓarna cikin garanti. Baba ya rufe gas, ya rufe ruwa, ya buɗe bawul ɗin ƙasa har ta tsane ƙaf. Hita ta tsira. Bututu ɗaya ne kawai, na jikin bangon waje, ya fashe.

Sai mai gyaran famfo, wanda ya biyo hanya mai santsi ya zo. Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ya sauya bututun, ya naɗe shi da abin tare sanyi, sannan ya zagaya baya ya kwashe dusar da ta toshe mafitar hayaƙin hitar. Wannan ya fi komai tayar min da hankali, domin idan mafitar ta toshe, iskar kabon monoksaid mai guba kan iya dawowa cikin gida, ga shi ba ta da wari balle launi. Ya kuma warware mana abin da muka daɗe muna gardama a kai a gida: me ya sa shawa ke rage ƙarfi a hunturu? Ruwan da ke shigowa kan sauka zuwa wajen digiri 4, mai wanka kuma 40 yake so. Ɗumama lita 8 a minti ɗaya, daga digiri 4 zuwa 40, na buƙatar kusan kilowat 20. Mutum biyu suka buɗe lokaci guda, dole hita ta rage gudun ruwa. Ashe ba lalacewa ta yi ba. Duk da haka ni dai ba na marmarin komawa mai tanki.

Maƙwabciyarmu da ta buɗe wa yara banɗakinta, Yaya, mun gode, Allah ya raya zuri'a. Waɗanda suka yi ta kiran waya suna jin lafiyarmu, Allah ya bar zumunci.

Ɗan uwa da ya ara mana janareta, an goge shi an cika masa mai. Faɗa min lokacin da kake gida in kawo.