Sana'ar tsofaffin faya-fayan waƙoƙin Yesu

Hajarmu faya-fayan garmaho ne na waƙoƙin Kirista da aka buga a Amurka da Birtaniya daga wajen 1968 zuwa 1980, zamanin da matasa suka shiga coci da jita da ganga. Na manyan mawaƙa, kamar Upon This Rock na Larry Norman da kamfanin Capitol ya fitar a 1969, ba su da wuyar samu. Cinikin yana wurin waɗanda mawaƙa suka biya kuɗin bugawa daga aljihunsu.

Ƙungiya takan naɗi waƙoƙinta a zaren ɗaukar sauti, ta aika wa kamfani irin Rite na Cincinnati ko Century, a buga mata kwafi ɗari biyar ko dubu, ta riƙa sayarwa a ƙofar coci bayan sujada. Ƙungiyar Caedmon ta Edinburgh kwafi 500 ta buga a 1978, shi ya sa na asali yake tsada.

In faifai ya shigo shago, ba kwalinsa muke fara dubawa ba, domin kamfanonin nan suna da hotuna shiryayyu, faɗuwar rana ko bakin teku, sai a ɗora sunan ƙungiya a kai. Muna karkata faifan a ƙarƙashin fitila mai haske, mu karanta lambar da aka zana a filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Ita ke bambance bugun farko da na baya, da kuma na jabu.

Sai wanki. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi kawai muke amfani da shi, don na famfo yana barin gishiri a cikin tsagi, wato siririn layin da allura ke bi a kan faifan. A goga da burushi mai laushi, ana bin zagayen tsagin, a tsotse ruwan da inji, a sa a sabuwar riga. Bayan haka dole a saurara daga farko har ƙarshe. Ido yana ruɗi: faifai kan yi ƙyalli alhali tsohuwar allura ta cinye tsaginsa, murya ta dushe, kuma wannan ba ya gyaruwa. Waƙar da jita ɗaya ce da murya ba ta ɓoye ƙarar lalacewar tsagi ko kaɗan. Wasu da aka buga bayan matsalar man fetur ta 1973 da robar da aka sake narkawa aka yi su, ƙararsu tun daga masana'anta ce. A gaya wa mai saye gaskiya, a rubuta VG, wato matakin ingancin faifai mai nufin "mai kyau sosai", kada a ce VG+, matakin da ke sama da shi.

A tsaye ake jera su, nesa da rana, don zafi yana lanƙwasa roba. Wajen aikawa a ciro faifan daga kwalinsa a ajiye shi a gefe, a matse su tsakanin kwalaye biyu masu kauri, in ba haka ba bakinsa zai tsaga gefen kwalin a hanya, farashi ya faɗi.