Elmina: Abin Da Na Gani A Gindin Gadar Benya

Da sassafe muka tashi daga tashar Kaneshie a birnin Akra cikin trotro, ƙaramar bas ɗin da talaka da ma'aikaci ke hawa a Gana. Tafiyar kusan kilomita 150 ce zuwa Cape Coast, sai dai cunkoson Kasoa ya ci mana lokaci sosai. Bayan Winneba hanya ta buɗe, muka wuce kasuwar Mankessim, teku ya riƙa leƙowa ta hannun hagu yana ɓuya a bayan bishiyoyin kwakwa. A mahaɗar Yamoransa mata suka yi wa motarmu ca da kenke irin na Fante, ƙullin masara mai tsami da aka naɗe cikin busasshen ganyen ayaba. Ban daɗe a Cape Coast ba, na shiga tasi zuwa Elmina, wadda 'yan garin ke kira Edina.

Tun daga nesa ake hango fadar Elmina, tsohon sansanin Turawa, fara fat a bakin ruwa. 'Yan Fotugal ne suka gina ta a 1482 don cinikin zinariya. 'Yan Holan suka ƙwace ta a 1637, bayan sun girka igwa a kan tsaunin da ke fuskantarta, sannan ta koma hannun Ingila a 1872. Mai yi mana jagora ya shigar da mu kurkukun ƙasa inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Iska ba ta shiga sai ta 'yar kafa, kuma har yau akwai wani warin danshi da ke kama maƙogwaro. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsakar gidan mata: daga bene gwamna yake tsayawa ya zaɓi wadda yake so, kuma ɗakin ibadar Turawan na can sama da kurkukun. Ƙofar ƙarshe, wadda ba a komowa idan an fita ta cikinta, sai mutum ya karkace kafin ya wuce. A wannan gini ne kuma Ingilishi suka tsare Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, a 1896, kafin su kai shi gudun hijira.

Yawancin baƙi daga nan suke komawa motocinsu su nufi dajin Kakum, kuma a ganina sun yi asara. 'Yan taku kaɗan daga ƙofar fadar akwai gada a kan bakin tafkin Benya, inda ruwan tafkin ke haɗuwa da teku, kuma a gindinta garin yake numfashi. Kwale-kwale ne jere maƙil, har ba ka ganin ruwa. Gindin kowanne daga gungume guda ɗaya na bishiyar da 'yan Gana ke kira wawa aka sassaƙa shi, aka ƙara katako a gefe, aka shafa fenti ja da rawaya da shuɗi. An rubuta ayoyin Baibul a jikin wasu, wasu kuma suna kaɗa tutocin ƙungiyoyin ƙwallon Turai ko na ƙasashen da mai jirgin ya taɓa zuwa neman kuɗi.

Washegari bayan asuba na koma. Wani dattijo mai sayar da shayi, ɗan zangon garin, ya ji na yi sallama ya amsa da Hausa. Ya ce, "Malam, matso nan kusa da ni, in ba haka ba za su ture ka cikin ruwa." Gaskiyarsa kuwa. Da jirgi ya shigo, samari suka faɗa ruwa har ƙirji da manyan kwanonin silba a ka. Wata mata mai ɗaurin zane biyu ta tsaya a kan dakali, ta sa hannu cikin kwanon farko, ta ɗago kifi ɗaya, ta buɗe kuncinsa da babban yatsa ta duba, ta jefar da shi ciki, ta faɗi farashi. Matuƙin jirgin ya yi ta kumfar baki, ita ko kallonsa ba ta yi ba. Na ce, "Baba, wace ce wannan?" Ya ce ita ta sayi man da aka fita da shi, kuma rabin kuɗin injin nata ne. Maza ke shiga teku, amma jarin da cinikin a hannun mata suke, har shugabarsu gare su, kamar yadda masunta ke da nasu sarkin.

Na bi kwanonin har lungun da ake banda. Murhu ne na laka mai kusurwa huɗu, ana jera faifan waya masu bakin katako a kansa, ɗaya bisa ɗaya, hayaƙi na ratsa su duka. Ana kiransa Chorkor, da sunan unguwar masunta ta Akra inda aka fara amfani da shi. Idanun matan sun yi ja, yara na juya kifin da hannu ba tare da jin zafi ba. Kifin da aka banda a nan yana kaiwa kasuwannin Kumasi har ya zarce arewa. A wurin na ci kenke da soyayyen kifi da shito, baƙin yajin da ake soyawa da mai da busasshen jatan lande.

Ran Talata ba a fita su, al'ada ce ta kaka da kakanni a wannan gaɓar. A Talatar farko ta watan Yuli kuma ake bikin Bakatue, inda ake buɗe tafkin da jefa raga sau uku. Ni Talatar yau da kullum na tarar, maza zaune a inuwa sun miƙe ƙafa, raga maƙale a babban yatsa, suna ɗinke inda ta yage. A nan ne, da taimakon mai shayi, hira ta yi nisa. Kowa kukansa ɗaya: ƙananan kifin sardin da ke cika jirage tsakanin Yuli da Satumba sun ragu ƙwarai. Suna ɗora laifin a kan manyan jiragen da ke share ƙasan teku, da cinikin saiko, inda ake sauke daskararren kifi daga waɗannan jirage zuwa kwale-kwale a tsakiyar ruwa, abin da doka ta hana. Wani daga cikinsu bai bar 'yan'uwansa ba, ya ce masu kunna fitila da dare don tara kifi su ma suna da nasu kason.

Wani tsoho ya jawo ragarsa ya nuna mini ledojin ruwan sha da ya tsince daga cikinta jiya, tuli guda. Ya ce 'ya'yansa maza uku, ɗaya ne kawai ya yarda ya gaji jirgin. Sauran biyun suna Takoradi, ɗaya na koyon walda, ɗaya na neman aiki a tashar jiragen ruwa.