Sandar ƙarfen da ke rataye a kicin

Yawancin wuƙaƙen da ake cewa sun dakushe, kaifinsu yana nan, kwanciya kawai ya yi. Bakin wuƙa siriri ne ƙwarai. Duk sa'ad da ya sauka a kan katako ko ya ci karo da ƙashin kaza, sai ya ɗan lanƙwashe gefe guda, lanƙwasar da ido ba ya gani. Tumatir ne ke fara tona asiri: ka ɗora wuƙa ta zame a kan fatarsa, ka danna ya fashe, ruwa ya tsirto maka a riga. A kicin ɗin otal na gane haka, na kuma gane dalilin da ya sa doguwar sandar ƙarfen nan mai ƙota ba ta nisa da hannun mai yanka.

Aikin sandar shi ne ta tayar da bakin da ya kwanta, ta mayar da shi tsakiya. Ba ta cin wuƙa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Dutsen washi kuwa ci yake yi, yana kankare ƙarfe har sabon baki ya fito. Shi ya sa ake taɓa sanda kullum, wani lokaci ma ana tsakiyar aiki, dutse kuma sai jefi-jefi.

Babban kukunmu, dattijon da duk muke kira Baba, ba abin da ya tsana kamar ya ga sabon yaro ya ɗaga sanda sama yana kaɗa mata wuƙa ƙal-ƙal-ƙal da gudu, irin yadda ake yi a talabijin. Sai ya matso ya ce, "Ɗana, kiɗa muka ɗauke ka yi ko girki?" Shi tawul yake ninkewa a kan katako, ya kafa tsinin sandar a kai, ta tsaya cak. Sai ya ɗora gindin wuƙa can sama kusa da ƙotar sandar, ya jawo ta ƙasa yana janyo ta wajensa, har tsininta ya shafi ƙarfen kafin ya kai ƙasa. Wannan gefe sau ɗaya, wancan sau ɗaya, a hankali, kamar biyar-biyar. Ba ya dannawa, nauyin wuƙar da ɗan ƙari ya isa. Sautin da ke fita siririn shuu ne. In ya ji ƙarar karce daga wani lungun kicin, ko bai waiga ba ya san akwai mai danna wuƙa.

Wurin da aka fi samun matsala shi ne karkatar wuƙar. Wuƙaƙen Turai an fi wasa su a kusan digiri 20, na Japan kuma kusan 15. Ba wanda zai zo da ma'auni kicin, don haka dabarar ita ce ka kafa bakin wuƙa a jikin sandar kamar za ka datse ta, digiri 90 ke nan. Ka kwantar da ita rabi, 45. Ka sake rabi, ka zo wajen 22, sai ka ɗan rage. In ka buɗe da yawa za ka daƙile bakin da hannunka. In ka kwantar da yawa, jikin wuƙar kake gogewa, bakin ko taɓa ƙarfen bai yi ba.

Ba kuma kowace wuƙa ke son wannan sanda ba. Wuƙaƙen kamfanoni irin su Victorinox na Suwizalan da Wüsthof na garin Solingen a Jamus, taurinsu a ma'aunin Rockwell wajen 56 zuwa 58 ne, suna lanƙwasa su miƙe ba tare da sun karye ba. Na Japan da yawa sun kai 60 ko sun wuce, ƙarfensu ba ya lanƙwasa sosai, ɓalgacewa yake yi, musamman a kan sanda mai zane-zane. Su sandar tangaran ta fi dacewa da su, amma a sani ita tana ɗan cin ƙarfe. Wuƙar burodi mai haƙora kuwa ba ruwanta da wannan harka.

A ganina rabin aikin sandar, mu ne muke jawo shi. Ana yanka a kan faranti ko tayil, ana kwashe yankakkiyar albasa da bakin wuƙa alhali bayanta na nan, ana jefa ta cikin cokula a wurin wanke-wanke. A gidajenmu ma haka ake yi duk shekara, sai Babbar Sallah ta gabato a kwashi wuƙaƙe a kai wa mai inji, tartsatsi na tashi, ya cinye ƙarfe mai yawa a zama ɗaya, in ya bari bakin ya yi zafi har ya sauya launi kuma taurinsa ya tafi.

Bayan an gama da sanda a goge wuƙar da ɗanyen tsumma, saboda burbushin ƙarfe kada ya bi abinci. Sai a gwada ta a kan tumatir ko gefen takarda. In an yi komai daidai amma har yanzu tana zamewa, ko ka ɗaga ta a haske ka ga bakin yana ƙyalli ko ya yi giɓi, to ƙarfen wurin ya gaji, sanda ta gama nata. A ɗauko dutse a jiƙa shi.